Ƙamshin Burodin Jiya

Ni dai ban taɓa yarda da burodin da aka gasa sau biyu ba. Mai gidan burodi ya gasa shi ya gama, ya fito da shi da zafinsa, to me kuma ya rage da za a sake mayar da shi wuta? In ka ga an kai burodi ga wuta karo na biyu akwai dalili, kuma a gidan da na tashi dalilin bai taɓa zama na alheri ba. Shi ya sa ranar da matar ɗana, Hamsatu, ta shigo gidanmu na Bukoki rungume da kwali, ta fito da wani ɗan akwatin ƙarfe mai baki biyu a sama da wutsiyar waya a baya, ta ce wai injin gasa burodi ne, ban ce mata komai ba sai "Allah ya sa albarka." Amma tun daga ranar na sa wa gidan ido.

Yaran yanzu ba za su gane ba, don su burodi kamar ruwan sha yake a wurinsu. Mu da muka tashi a Yamai lokacin da Bukoki take bakin gari, karin kumallonmu ɗumamen tuwo ne da koko, in an samu sarari a haɗa da ƙosai. Babana tela ne, daga wajen Maradi ya zo da kekensa na ɗinki ya kama rumfa kusa da Babbar Kasuwa, muka zauna gidan haya tare da Zabarmawa da Buzaye, kowa da ɗakinsa, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya. Da safe abin da ke tashe mu shi ne amon turmi daga kowace kusurwa, da ƙarar garwar ƴan ga-ruwa, da raƙuman itace suna gunaguni a bakin hanya. Can sai ka ji ƙararrawar mai burodi, ya ɗauro dogayen burodin nan a kwando bayan keke, kawunansu sun leƙo waje. Ba ƙofarmu yake tsayawa ba sai jefi-jefi, gidajen ma'aikata yake nufa, masu shan kafe da madara kafin su tafi buro, wato ofis. Mu in an sayo, to baƙo ya zo ko kuwa salla ce, kuma a take ake cinye shi, har ɓurɓushin da ya zuba a tabarma sai mun lashi yatsa mun tsince.

A gidan haya ba a ɓoye abin da ke kan wuta, hanci ne ke kai labari ɗaki-ɗaki. In aka ji albasa da nama suna soyuwa, an san wata ya yi wa wani kyau. In aka ji kunun kanwa da yaji, an san an haihu. In kuwa aka ji ƙamshin burodi a kan garwashi, sai tsakar gida ta yi tsit, mata su rage murya, a kore yara waje, don kowa ya san a ɗakin nan akwai wanda cikinsa ya daina karɓar tuwo. Busasshen burodi da ruwan kinkeliba, ganyen nan da ake dafawa kamar shayi, shi ne abincin wanda ya kwanta ya daɗe. Kuma ba a tambaya. A zamaninmu ba a kiran sunan ciwo mai nauyi, ba a kuma faɗa wa mai shi. Manya su ƙulle maganar a tsakaninsu, a ce masa sanyi ne, a ce masa shawara ce, shi ma ya ce haka ne. Maƙwabciya sai ta leƙo ta ce "sannunku da aiki," ta ajiye ɗan ƙullin gawayi a bakin ƙofa ta wuce abinta. Wannan gawayin shi ne dubiyar da muka sani.

Ina ƴar budurwa, wata safiya Inna ta tashe ni ta ce in tare mai keke in ce ya ba ni burodin jiya. Na ce mata ai akwai na yau mai zafi. Ta ce na yau laushi gare shi, kumbura ciki yake yi, na jiya ya riga ya huce, shi wuta ke karɓa. Da na kawo ta tsaga shi a tsaye da wuƙa, ta jawo furno, ɗan murhun ƙarfen nan na gawayi, ta sa ni fifita har harshen wuta ya mutu, garwashin ya yafa farar toka. Ita ba ta ɗora burodi sai wuta ta yi sanyin hali. Tana da wata raga da Baba ya saƙa mata da wayar ƙafar keke, a kanta take jera shi, tana juyawa da yatsu ba ta ko cije baki. Matan gidan kowace da dabararta: wata a kan murfin tukunya take gasawa, wata a tanda, wata ta soke shi da tsinke ta riƙe saman wuta kamar tsire. Inna tana raina su duka, ta ce na murfin tukunya ɗumi kawai yake ji, na tsinke kuwa baki ɗaya yake ƙonewa. Inda ya yi baƙi sai ta kankare da bayan wuƙa, ƙarr, ƙarr, har yau in na rufe ido ina jin wannan ƙarar. Tana cewa da ni, "Ki tsaya a kansa. In kika waiga kika amsa sallama ya ƙone." Da ta gama ta zuba a kwano ta rufe da faifai ta ce in kai wa Baba. Ina fitowa na ga ƙullin gawayi a bakin ƙofarmu.

Baba kuwa sai yabo. Kullum in na kai masa ya tsoma a kinkeliba ya ce ko a gidan kumandan mai mulkin gari ba a gasa irin wannan, ya ce uwarmu ta ɓata shi, yanzu ya fi ƙarfin tuwo. Yana faɗa da ƙarfi don ta ji daga tsakar gida. Da farko yana cinye rabin burodi ya tafi rumfa, daga baya ya koma ɗan yanki, daga baya aka ɗauko keken ɗinkin aka kawo gida aka lulluɓe shi da zane. Inna ba ta fasa ba, kuma ba ta rage yawan abin da take gasawa ba, sai mu yara mu cinye saura. Wata safiya na ajiye kwanon zan fita ya kira ni.

"Ke, zo nan. Uwarki mi ta ce miki ke damuna?"

Na ce, "Ta ce sanyi ne, Baba."

Ya yi dariya har ta sa shi tari. Ya ce, "Sanyi ne. Tun ran da na ji ƙamshin ga na san irin sanyin. Amma kar ki gaya mata na sani, kin ji ko? Ki bar ta ta yi ta gasawa, shi kaɗai ya rage mata ta yi mini."

Bai ga ƙarshen daminar ba. Ban gaya wa Inna ba har ita ma ta bi shi, kuma tun daga lokacin ƙamshin gasasshen burodi ya fita kaina. Na yi aure, na haifi ƴaƴa, na aurar da su, na binne mijina, furno bai taɓa ganin burodi a hannuna ba.

To ga shi da tsufana an kawo mini ƙamshin har gida, kuma ba injin ne farkon abin ba. Hamsatu ta fara ne da kaskon suya a kan gaz, ba mai ba komai, tana danna burodin da bayan cokali, gefe ya ƙone tsakiya na nan da laushinsa. Ta koma fur, murhun gashin nan mai ƙofa da aka kawo mata cikin kayan aure, wanda tun da ta zo gidan nan tukwane take ajiyewa a ciki, ta manta da shi tana amsa waya, ya fito ko akuya ba za ta iya tauna shi ba. Ta aro wani daga wurin yayarta, mai buɗe baki kamar kada, a sa burodi a rufe a danne, ya fito a lallatse da zane-zane a jiki. Sai daga baya wannan mai tsallen ya zo. Hamsatu malamar lakwal ce, wato makarantar boko, haifaffiyar Yamai, yarinyar kirki ce ba zan ɗauki alhakinta ba, amma da safe ko shayinta a tsaye take sha. Macen da ba ta da lokacin zama ta bi abu ɗaya daga kasko zuwa fur zuwa inji, dole mutum ya tambayi kansa abin da ya tsare ta.

Shi kansa injin ban yarda da shi ba. Dogon burodinmu na Yamai ba ya shiga bakinsa, sai an sayo wani mai kusurwa huɗu a leda, yankakke tun daga gidan burodi, wanda zai kwana ya kwana bai bushe ba bai yi tsami ba. Na ce wa Hamsatu burodin da ba ya tsufa me aka sa masa? Ta yi dariya ta ce, "Inna, haka ake yinsa." A jefa shi ciki, a danna, wayoyi su yi ja, ba fifita ba juyawa, ba wanda ya tsaya a kansa. Mutum na zaune yana tasbihi sai ya ji fat, burodi ya yi tsalle kamar an tsikare shi. Ranar farko carbina sai da ya faɗi. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a tsakiya kuwa, sai injin ya tofo shi fari fat ya yi shiru, a zauna ana kallon juna. Innata a da tana tsaye kan garwashi hayaƙi na shiga idonta, mara lafiya ya san an wahala dominsa. Wannan kuwa ko sunan wanda ake gasa wa bai sani ba.

Da na zauna na yi ta juya abin a raina, sai na gano inda ya faro. Ya faro ne bayan ɗana da matarsa sun kai ni asibiti kan ɗan ciwon cikin nan nawa na tsufa. Aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki aka duba a telebijin, aka ɗebi jini, muka koma aka ce iska ce, a ba ni magani. Amma da muka tashi fita lokotoro, wato likitan, ya tsayar da ɗana, aka zaunar da ni a benci a waje, aka rufe ƙofa. Ina jiyo Faransanci ƙasa-ƙasa, sun daɗe ƙwarai. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce fanka ce ta bugar masa ido. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Da burodi ya fara hawa wuta na ce af, ashe yaron nan fakewa ya yi da ni ya je aka duba shi. Matarsa na gasa masa kamar yadda Inna ta gasa wa Baba, kuma don kada in gane sai aka ɗora wa gidan duka. Aka daina sayen ƙosai, aka daina fari masa, wato fanken fulawa, kwalbar mayonez ta ɓace daga tebur, miyar rana ta koma ba mai ba yaji. Wai yanzu haka masu ilimi ke ci. Ni za a yi wa wannan wayon, ni da na kai kwanon da hannuna?

Daga nan komai na gani sai ya ƙara mini tabbaci. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mutumin da in ya dawo aiki muryarsa ke riga shi shigowa, ya koma zama shiru yana kallon ƙasa, in na ɗaga kai in tarar ni yake kallo, sai ya kawar da ido. Waya in ta yi ƙara sai ya fita ƙofar gida ya amsa. Autata da ke aure a Maradi ta zo ba biki ba suna, wai kewata take yi, ta baje kaya ba ta maganar komawa. In na shigo ɗaki su uku suna magana sai a koma zancen tsadar tumatir. Kai, har tsohuwar maƙwabciyarmu Bazabarma, wadda muka yi ƴanmatanci a gidan hayan nan tare, ta zo ta gaishe ni ta tafi, da na fita na tarar da ƙullin gawayi a jingine da ƙofa, a gidan da ake girki da gaz. Na ɗauke shi na shiga da shi ciki. Ashe har unguwa ta sani, uwarsa ce kaɗai ba a gaya wa ba.

Wani zai ce me ya hana ki tambaye shi? Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kakarsa ce ta goya shi. Ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye, ina daka, ban ajiye taɓarya ba sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukana. Haka aka raine mu, kuma na tsufa a kai. Uwayen yanzu suna rungume ɗan fari a titi suna kiransa da sunaye iri-iri, da ina ganin rashin ta-ido ne, amma a kwanakin nan wallahi na yi musu hassada. Ina zaune da shi tabarma ɗaya, yana tauna busasshen burodi kamar mai cin magani, bakina ya kasa cewa ina ke maka ciwo. Abinci ya daina shiga mini, zanena sai na ƙara ɗaure shi, dare in yi ta juyi. Na ce duk tunaninsa ne.

Sai na koma kan matar. Na same ta ita kaɗai a kicin tana goge injin, na tsaya bakin ƙofa.

Na ce, "Hamsatu, wa ya ce a daina ƙosai a gidan ga?"

Ta ce, "Ba kowa, Inna. Mai ne ba shi da kyau ga jiki, ko a rediyo suna faɗi."

"Mijinki tun yana rarrafe ƙosai yake ci. Yaushe rediyo ta fara ba shi tsoro?"

"Shi ya ce yana son rejim, ya rage ƙiba, wai tumbinsa ya fito."

"Tumbin da ban gani ba? Dube ni nan. Lokotoron nan mi ya gaya masa da suka rufe ƙofa?"

Tsumman ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Wallahi Inna, shi lafiyarsa lau. Na rantse miki da Allah lafiyarsa lau." Idonta ya kawo ruwa, ta ce ta makara lakwal, ta bi ta gefena ta fita. Na ce a raina har da rantsuwa, yarinyar nan ta ɗauki zunubi don ta rufa wa mijinta asiri. Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, don na tuna fuskar Inna a kan furno.

Abu ɗaya ya rage mini. Na lura in ya tafi masallaci da asuba ba ya dawowa tare da mutane, sai gari ya waye sarai, sa'annan ya shigo a danna inji. Na ce allura yake zuwa ana yi masa a ɓoye, ko kuwa wani magani yake karɓa. Wata safiya na idar da salla, na bari Hamsatu ta shiga wanka, autata na barci, na yafa mayafi na zare sakata. Rabona da fita da ƙafa tun kafin asibiti, na yi mamakin yadda lungun namu ya ƙara tsawo, sai da na huta a dakalin mutane kafin in kai kwana. Unguwar ta tashi, ƴan kabu-kabu na ta hayaniya, masu shago na ɗaga ƙyaure, ba turmi ko ɗaya da ke amo. Na tsaya bayan wata mota da aka ajiye ina hangen ƙofar masallaci. Ga shi ya fito, ya sa takalmi, ya waiga dama da hagu kamar mara gaskiya, ya bi ta bayan masallacin. Na bi shi ina dafa bango, ina addu'ar Allah ya sa abin da zan gani ya zo da sauƙi.

Babu asibiti a bayan masallacin. Mai ƙosai ce zaune da kaskonta, mai na tafasa, hayaƙi na tashi. Ɗana, mai iyali, mai furfura a gemu, ya tattare riga ya zauna a benci tsakanin ƴan makaranta. Ba ta ko tambaye shi ba ta cika masa takarda da ƙosai, ta ɗora fari masa a kai, ta barbaɗa yaji. Ya sa hannu. Ban taɓa ganin mara lafiya ya ci abinci haka ba. Yana jefawa bibbiyu, yana hura baki, yana lashe yatsu, mai na bin gemunsa. Na ji yana ce mata, "Ƙulla na matan, ki ninka leda sosai kar ƙamshi ya fita. Tsohuwa hanci gare ta."

Na tsaya ina kallo, kaina ya ɗaure. In shi yana cin wannan, matarsa da ƙanwarsa ma ana kai musu a ɓoye, to wa ke rayuwa a kan busasshen burodi a gidan nan? Kafin in ƙarasa tambayar mai ƙosai ta ce masa, "Ya jikin Hajiya?" Hannunsa ya tsaya a hanya. Ya ce, "Da sauƙi," ya mayar da ƙosan cikin takarda, ya sunkuyar da kai. Can ya goge ido da bayan hannu ya ce mata yajinta ya yi yawa yau.

Na jingina da bangon masallacin. Zanen da nake ƙara ɗaurewa ya faɗo mini a rai, da lungun da ya yi mini tsawo, da kallon da yake yi mini in na sunkuya, da autata da ta ƙi komawa ɗakinta. Gawayin nan ma ashe nawa ne. Kuma Hamsatu ba ta yi rantsuwar ƙarya ba, baiwar Allah, gaskiya ta gaya mini tsantsarta na ƙi ji. Ni da nake taƙama na san ƙamshin nan fiye da kowa a Bukoki, na shaƙe shi safiya bayan safiya ban gane ƙofar wa yake nufa ba.

Zan faɗi abin da na ji, ko da za a ce tsohuwa ta ruɗe. Daɗi na ji. Wani irin sanyi ya sauko mini tun daga ƙirji har ƙafafu, na ce alhamdu lillahi, na sake cewa alhamdu lillahi. Tsoro ya zo daga baya, ba zan ɓoye ba, yana nan kuma har yanzu yana zuwa yana tafiya. Amma a wannan safiyar, ina kallon yaron nan da ban taɓa kiran sunansa ba, da mai a gemu da ƙoshin lafiyarsa, ba abin da na roƙa wanda ba a ba ni ba. Na ci zamanina, na ga raƙuma a inda yanzu motoci ke cunkoso. Shi kuwa yana da sauran ƙosai da yawa a gabansa. A nan ne kuma na gane dariyar da Baba ya yi har ta sa shi tari.

Na lallaɓa na koma gida kafin ya tashi. Hamsatu ta tare ni a tsakar gida a firgice, na ce mata ƙafa na ɗan miƙe zuwa bakin lungu. Na zauna a tabarmata na ɗauki carbi. Ba a jima ba ya yi sallama, ya bi ta bayan ɗaki da wani kumburi a aljihun riga, ya fito ba shi. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya wanke hannu amma ya manta da gemu. Aka danna inji, wayoyi suka yi ja, ƙamshin ya cika gidan, burodi ya yi tsallensa. Hamsatu ta ajiye mana faranti da kinkeliba. Ya ɗauki yanki ɗaya yana juya shi, da fuskar mutumin da ke sadaukar da kansa.

Na ce, "Hamsatu, ƙara wa mijinki biyu. Ba ki ga duk ya rame ba?"

Ya ɗago ya ce, "Inna, wannan ma ya isa."

Na ce, "Ban tambaye ka ba."

Ya cinye su tas, yana haɗiya da ƙyar, ina kallonsa ban tausaya masa ba ko kaɗan. Sa'annan na jawo nawa na tsoma a kofi. Bai kama ƙafar na Innata ba, ba hayaƙi a jikinsa, ba inda aka kankare. Na ci iyakar abin da cikina ya karɓa, na ɗaga murya yadda Hamsatu za ta ji daga kicin na ce, "Kai, injin ga naku ya iya gashi. Ko a gidan minista ba a samun irin wannan."

Ta ba mu baya tana ta goge injin da ba abin da ya taɓa shi, kafaɗunta na motsi. Ban kira ta ba. Na bar ta ta yi ta gasawa.